Iya 'Yar'azumi, Wadda Ta Raba Koma da Dalma

Kafin rana ta yi zafi za ka tarar da Iya 'Yar'azumi a gindin tsamiyar ƙofar gidanta, a unguwar masunta da ke bakin kogin Haɗeja, da kwaɓaɓɓen yumɓu a gabanta. Ta gutsura, ta mulmula kamar mai cura fura, ta huda da tsinke, ta jera a rana. Ranar gasa tukwane ta haɗa da su. Baƙo kan ɗauka kayan wasan yara ne, alhali su ne masunta ke ɗaurawa a bakin koma, ragarsu ta kamun kifi, don ta nutse.

Da can dalma ake sawa, kuma ɗanta Ja'afar ne gwanin unguwar. Ya fasa tsohon batirin mota, ya narka dalmar a tsakar gida dab da murhun tuwo, yara na rarrafe cikin tokar. Masunta kuwa da haƙori suke matse ta jikin igiya. Wa ya san akwai illa?

Sai 'yarsa Adila, yarinyar da surutunta ke hana mutum jin rediyo, ta fara ciwon ciki, ta koma jijjiga, daga nan magana ta ɗauke. Aka ce mutanen ruwa ne suka taɓa ta, aka yi ta turare har aka gaji. Iya ce ta goya ta zuwa asibiti, aka auna jini, aka ce gubar dalma ce.

Likitar ta ce, "Iya, masana sun auna ƙasusuwan mutanen da, sun tarar dalmar jikinsu 'yar ƙanƙanuwa ce. Tamu ta yanzu ta ninka tasu sau ɗari ko fiye. In yarinyar nan ta koma inda ake narkawa, magani ba zai yi ba."

Iya ta ce, "To su mutanen dan, ba sa cin kifi ne?"

A hanyar gida ta tuna cewa kakarta da yumɓu take yi wa masunta abin nutsar da koma. Tana shiga ta ce wa Ja'afar ya fitar da kaskon narkawa. Ya ce, "Inna, da me zan ci da gida?" Ta ce, "Hannuna bai mutu ba tukuna. 'Yarka fa nake son in ji ta kira ni."

An yi mata dariya, kuma gaskiya na farkon ba su yi ba. Ba nauyi, kifi ya sulale ta ƙarƙashi, wasu su fashe jikin kwalekwale. Ta ƙara musu girma, ta sa yashi, ta ƙara wuta. Ja'afar ya kankare ƙasar tsakar gidan ya zubar nesa, ya fita kamun kifi da na uwarsa. Da aka ga yana dawowa da tarwaɗa, masu dariyar suka fara aiko matansu a ɓoye.

Ke ce, Iya, kika bi gida gida kina roƙo, kina shan baƙar magana. Ke ce kika koya wa matan garin Miga da suka zo, ba ki ɓoye musu komai ba. Uwar masunta, yau hannu ya fara rawa, ido ya rage, kin ce za ki huta. Kin cancanta.

Adila ta rayu, ta zama budurwa. Tana magana, amma a hankali, sai ta yi ta lalubo kalma. Wannan na ci wa Iya rai har gobe. Amma ƙanwarta Zainaba, da aka haifa bayan an fitar da kaskon, an auna ta an ce jininta lafiya lau.

Mun gode, Iya. Allah Ya saka, Ya sa ki gama lafiya. Mata, ku karɓi yumɓun nan daga hannunta tun tana iya nuna muku. Kai kuma mai narka batir a tsakar gida, ba zan yi maka wa'azi ba. Je ka gidan Iya ka gai da Adila, ka tsaya ka jira ta amsa.