Jirgin da Baba Ya Bar Min

Shekarun baya, wata huɗu bayan rasuwar mahaifina, aka zauna rabon gado, jirgin ruwansa ya faɗo a rabona. Yayyena biyu suka ɗauki babbar gona da shanun huɗa, ƙannena mata aka fitar musu da nasu, ni kuma da yake ina koyarwa a firamare aka ce in karɓi jirgi da wani ɗan fili a bayan gida. Ban yi musu ba. Sai dai duk wanda ke zaune a wurin ya san abin dariyar da ke ciki: a duk 'ya'yan Baba ni kaɗai ne ban iya iyo ba. Ko rafi zan tsallaka da damina, sai na naɗe wando har cinya ina karanto duk addu'ar da na sani.

Ƙauyenmu yana yankin Kunci, a bakin wani dam. Tun kafin a haife ni aka tare ruwan, ya raba mutane da gonakinsu. Gidaje suna wannan gefe, gonakin kusan rabin gari suna tsallake. In za ka zagaya ta ƙasa, tafiyar fiye da awa biyu ce, a jirgi kuwa kafin ka shanye kara guda na rake kun isa. Baba ya fi shekara talatin yana fito da mutane. Jirgin na katako ne, dogo, yana ɗaukar mutum goma sha biyu da kayansu. Kuma shi kaɗai ne a dam ɗin yake da abin da mutanen garinmu ke ce wa rigar jirgi. Buhunan taki ne Baba ya farke ya ɗinke su wuri guda, ya ɗaura a jikin doguwar gora. In iska ta taso sai ya ɗaga, ya ajiye filafili, ya zauna yana taunar goro iska na yi masa aiki.

Shekara biyun da ya yi yana jinya, jirgin yana kife a gindin wata ɗorawa, rana na dukansa, gara na aikinta. A lokacin wani mutum ne daga wani gari yake zuwa da ɗan ƙaramin jirginsa yana rage wa mutane wahala. A shekarar da Baba ya rasu shi ma ya tattara ya koma wani dam. Sai ya zamana damina na tahowa, babu jirgin fito ko ɗaya a garinmu sai wancan da ke kife, wanda yanzu nawa ne.

Wadda ta fara zuwa min da maganar gwaggona ce, ƙanwar Baba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata duk suna gidajen aure a nesa, gonarta guda ɗaya tilo tana tsallake, ga ciwon gwiwa. Ta same ni a soro ina duba littattafan 'yan aji, ta zauna ba tare da ta jira na shimfiɗa mata tabarma ba.

"Malam, yaushe za a tashi jirgin yayana?"

In ta ce min Malam, na san ba girmamawa ba ce, faɗa ne yake tafe.

Na ce, "Gwaggo, jirgin nan fa ya tsufa."

"Ni ma na tsufa, an jefar da ni ne? Ka dubi ƙafar nan ka gaya min yadda za ta zagaya dam."

Bayan ita sai mutane suka yi ta zuwa. A masallaci, a kasuwa, har a ƙofar makaranta. Kowa da irin tasa: "Ai ubanka bai taɓa barin mu a bakin ruwa ba." Wani abokina masunci, wanda muka taso tare, ya ce in dai tuƙi ne in bar masa, ni nawa kawai in gyara. Ta bakinsa abin ba wuya. Ni kuwa duk lokacin da aka ambaci jirgin, abin da nake gani a raina guda ɗaya ne: mutum goma sha biyu a tsakiyar dam, katako ya buɗe, ni kuma ina tsaye a gaɓa ba abin da zan iya.

Na je wurin mahaifiyata da fatan ta yanke min hukunci in huta. Tana tsince wake a faifai, ba ta ko ɗago ba.

"Ni ban ce ka gyara ba, ban ce ka bari ba," in ji ta. "Abin da na sani, shekara talatin duk ranar da ya fita, tuwo ba ya min daɗi sai na ji sallamarsa a ƙofa."

Na fito da nauyin da ya fi wanda na shiga da shi.

A ƙarshe kunya ta ci ƙarfina, na tafi neman mai gyara. Wani tsohon kafinta ne a unguwar Maguzawa da ke gaba da mu, Kirista, aminin Baba tun suna samari. Tare suka haɗa jirgin nan da hannunsu. Da na kawo shi gindin ɗorawar, sai ya zaro wata 'yar wuƙa ya bi katakan ɗaya bayan ɗaya yana sokawa. Inda ta tsaya ya wuce, inda ta shige ya yi alama da gawayi. Ina biye da shi ina ƙirga alamomin kamar mai jiran sakamakon asibiti.

"Baba, zai gyaru?"

"Zan canza guda biyar ɗin nan, in like sauran. Amma ka ji da kyau, busasshen katako maƙaryaci ne. Sai ya sha ruwa yake faɗin gaskiya. Ba wanda zai hau sai na gwada shi yadda nake so."

Sati uku muka yi. Aka sa sababbin katakai, aka cusa tsumma a duk wata kafa aka bi da narkakkiyar kwalta. Abokina ya samo fenti shuɗi ya shafe shi tas. Mahaifiyata, da ta ce ba ruwanta, ita ce ta zauna ta ɗinke wuraren da ɓera ya ci a jikin rigar jirgin. Da aka gama ya yi kyau ƙwarai, har na fara jin wani ɗan alfahari. Na tsinci kaina ina tsayawa kusa da shi in mutane za su wuce, ni da ko tura shi ruwa ba zan iya ba.

Ranar gwaji wata Asabar ce da safe. Tsohon ya sa aka cika buhu goma sha huɗu da yashi, kowanne nauyin babban mutum, aka jera a ciki. Aka tura jirgin inda ruwa ya kai ƙirji, aka ɗaure shi da igiya a jikin turke. Ya ce ba mai taɓa shi sai la'asar.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Kusan rabin gari ya fito kallo. Na zauna a kan wani dutse idona a kan bakin jirgin, ina auna tazarar da ke tsakaninsa da ruwa. In iska ta kaɗa ya ɗan karkata, sai zuciyata ta karkata tare da shi. Aka kawo min fura na kasa sha. Da azahar abokina ya shiga ya leƙa, ya ce ɗan ruwa ne kaɗan a ƙasa. Da la'asar ya kwashe shi da ƙwarya yana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji. Ƙwarya shida.

"Shida kacal, tun safe!" ya ɗaga murya. "Wane jirgi ne ba ya shan ruwa?"

Wuri ya kaure da murna. Gwaggo har da guɗa. Ni ma na miƙe ina dariya, ina jin kamar an sauke min dutse daga ka. Sai na lura tsohon bai yi dariya ba. Ya tuɓe rigarsa, ya shiga ruwan da kansa, ya ture wani buhu, ya zura hannu can ƙasa ya daɗe yana lalube. Da ya fito sai ya yafuto ni gefe, bayan wata bishiya, ya buɗe tafin hannunsa. Wani guntun katako ne baƙi. Ya matse shi da yatsu biyu, ya dagargaje kamar dafaffen rogo.

"Daga babban katakon ƙasa na ɓanɓaro shi," in ji shi a hankali. "Wanda duk sauran suka dogara a kansa. Waje lafiya lau, ciki ya mutu. Shi ba a canza shi, sai dai a sake jirgi."

Na ce, "Amma Baba, ai ya ɗauki buhunan tun safe."

"Buhu ba ya motsi. Buhu ba ya ganin igiyar ruwa ya tsorata ya koma gefe ɗaya."

"To zai nutse ke nan?"

"Ban sani ba. Yana iya yin shekara uku bai yi komai ba. Yana iya buɗewa jibi."

"Me zan yi?"

Ya sa rigarsa, ya dube ni da tausayi. "Ɗana, ni kafinta ne. Jirgi naka ne."

Zan so in ce muku nan take na juya na gaya wa jama'a gaskiya. Ban yi ba. Cewa na yi akwai ɗan abin da za a ƙarasa, na sa aka jawo shi gaɓa, na sulale gida. Kwana huɗu ina yawo da maganar a cikina. A aji in rubuta abu a allo in manta me na rubuta. In na ce a'a, na kashe wa Gwaggo da wasu da yawa shekara guda ta abinci, a kan abin da wataƙila ba zai faru ba. In na ce to, kullum sai na tashi da wannan guntun katakon a raina. Na gaya wa abokina, ya yi tsaki ya ce tsoho ne kawai da tsoronsa, shi ya hau jiragen da suka fi wannan lalacewa.

Ran Laraba aka yi ruwan shuka mai yawa. Washegari da sassafe wani maƙwabcinmu ya buga min ƙofa, ya ce mutane suna bakin dam suna jirana. Na tarar da su da sungumi da ƙoren iri, mata da maza. Abokina yana riƙe da filafili, har an tura gaban jirgin cikin ruwa. Gwaggo tana sahun gaba, ta ɗaure gwiwarta da tsumma, ƙwaryar gero a hannu.

Na je na kama igiyar. Na juya na fuskanci jama'a.

"Ku yi haƙuri. Jirgin nan ba zai ɗauki mutum ba."

Nan take kowa ya fara magana lokaci guda. Na yi bayanin katakon, ba wanda ya saurara. Wani ya ce ai da idonsu suka ga gwaji. Wani ya ce su sun yarda, in sun mutu kwanansu ne ya ƙare. Wani daga baya ya ce, "Ɗan mai jirgi da tsoron ruwa, ai dama mun sani." Abokina ya matso ya ce min ƙasa-ƙasa, "Sawu ɗaya kawai, mutum shida, ka gani da idonka." Wallahi saura kaɗan in saki igiyar nan. Na dai ƙanƙame ta, har ta yi min shaida a hannu.

Gwaggo ba ta yi hayaniya ba. Ta tako ta ajiye ƙwaryar irin a gabana.

"Tunda ka hana, ka san yadda za ka yi da shi."

Ta juya tana ɗingishi ta tafi.

Ranar ban je makaranta ba. Na ɗauki ƙwaryar na bi sahun masu zagayawa ta ƙasa, ba mai yi min magana a hanya, na shuka mata gonar. Amma shuka ba ita ce noma ba. Asabar da Lahadi kaɗai nake samun zuwa, ciyawa ta fi ƙarfina, abin da aka girbe bai kai rabin na da ba. Shekarar da ta biyo baya ta ba wa wani mutumin tsallake aron gonar, ba ta ƙara taka ta ba. Jirgin kuwa, tsohon ya wargaza shi, ya tsinci katakan da ke da rai ya haɗa wa abokina ɗan ƙaramin kwalekwale na kamun kifi. Sai a damina ta uku mutanen gari suka haɗa hannu aka kawo sabon jirgin fito. Lokacin gwiwar Gwaggo ta riga ta zaunar da ita.

Fiye da shekara in na gaishe ta, "lafiya" kawai take cewa ta kau da kai. Sai ranar sunan 'yata ta fari na gan ta an kawo ta a kan babur. Na durƙusa na gaishe ta.

"Har yanzu ina jin haushinka," ta ce.

"Na sani, Gwaggo."

"To miƙo min jaririyar."

Yanzu Gwaggo ta rasu, tsohon kafintan ma ya rasu. Mutane sukan tambaye ni ko na yi daidai, kuma gaskiya ban sani ba. Asarar Gwaggo kowa ya gan ta da ido. Abin da na hana kuwa ba wanda ya gani, har ni, don wataƙila ma ba zai taɓa faruwa ba. Abin da na koya shi ne, wani hukuncin ba ya zuwa da shaidar da za ka nuna wa mutane, haka za ka ɗauke shi ka ci gaba da zama da su. In aka mayar da ni wannan safiyar, ina jin igiyar zan sake riƙewa. Amma da na fi so a ce tun ranar Asabar ɗin na faɗa musu, kafin tsohuwa ta ɗaure gwiwarta ta tako har bakin ruwa.