Shahidin da Ya Ƙi Shiga Jirgi

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata Juma'a a Riyad ba, ranar da aka rushe mini kakana ina tsaka da cin wake.

A gidanmu a Maraɗi, kakan nan namu ya wuce mutum, waliyyi ne. Ya tafi hajji a ƙasa tun Inna, mahaifiyata, tana ƙarama, bai dawo ba. Aka ce jirgin ruwansu ne ya nitse tsakanin Sawakin da Jidda. Shekara da shekaru Inna tana yi masa sadaka, mu kuma muna ɗaga kafaɗa a matsayin jikokin shahidi. Ni kam ko gardamar ƙwallo ake yi sai na sako shi.

Lokacin ina tuƙi a gidan kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, a unguwar Badi'a. Bayan masallaci na shiga wani shagon wake na wani dattijo ɗan Sudan. Ina miƙa hannu in karɓi shayi sai ya ƙura wa cindona ido, ya tambaye ni da Hausa daga ina nake. Ashe Bahaushen Sawakin ne. Nan da nan na buɗe baki na zuba masa tarihin shahidinmu, har da ƙari.

Ya bar ni na gama, sannan ya ba ni labarin garinsu. Ɗan ƙaramin gari ne a bakin teku, a nan mutanenmu suke taruwa su jira jirgi. Wani ya jira wata guda, wani ya jira har ya yi jikoki. Gidajen dutsen da ake ji da su duk sun zube tun da ciniki ya koma wata tasha, yanzu kyanwoyi ne masu gida. Sai ya ciro waya ya nuna mini hoton mahaifinsa: zanen Gobirawa, cindo a hannun hagu irin nawa, goshi kuwa na Inna sak. Ya faɗi sunan ƙauyenmu da sunan ’yar da tsohon ya baro, sunan Inna.

"Ranar da ya ga teku ya ce shi da ruwan nan sai dai kallo," in ji shi. "Dakon kayan alhazai ya yi har ya tsufa. Kunya ce ta hana shi komawa gida ba hajji."

Na ture kwanon waken gefe. Haushi ya kama ni, ga kunya, ga kuma kawu da na samu ban nema ba. Babbar damuwata ita ce Inna: in faɗa mata ko in bar ta da shahidinta? Na yi ta juya abin a raina, daga baya na ga hakkinta ne, na kira ta nan take a shagon.

Na kwashe komai na faɗa mata. Can sai na ji dariya haɗe da kuka.

"Ni dama ban taɓa yarda ba. Mutumin da ko gulbi ya kawo sai an riƙe mai hannu? Ya ce ya tuna da ni?"

Na tambayi dattijon, na ce mata har ya rasu yana ambatonta. Ta ce in ba ta ƙanenta su gaisa.

Tun ranar na daina yi wa matattu rawanin da ba su nema ba. Mu shahidi muke so, ita kuwa uba kawai take nema, ko da matsoraci ne.