Bugun Bahago a Bakin Zobe

A garejinmu akwai wani tsohon makanike, Sannu-Sannu muke ce masa, don in ka kawo masa mota kana sauri, gara ka nemi benci ka zauna. Ni mai gyaran wayar mota ne, Rewaya suke kira na, kuma fallen kwano ɗaya ne ya raba rumfata da tasa, har tarinsa na sani.

Aikinsa guda ne, ramin fulogi. Kan injin zamani ƙarfe ne mai laushi. Sai wani sarkin ƙarfi ya ɗaure fulogi da sifana kamar yana fushi da shi, ko ya cusa shi a karkace, zaren ramin ya cinye. Daga nan fulogi ya ƙi zama, mota ta kama fat-fat, wata rana ma ya yi tsalle ya bugi bonet. Irin waɗannan ake turo wa tsohon. Zai sauke kan injin gaba ɗaya ya ɗora a tebur, ya faɗaɗa ramin, ya yanka sabon zare, ya murɗa ɗan zoben ƙarfe mai zare ciki da waje, inda fulogi zai zauna. A ƙarshe ya dasa tsinken ƙarfe a bakin zoben ya buga da guduma, don kada zoben ya biyo fulogi ranar da za a kwance shi. Wannan bugun babu mai yin sa sai shi da ɗansa.

Ɗan nasa Bahago ne, suna da hannu duka. Ya girma, ya ƙware, ya fara ganin sauke kan inji ɓata lokaci ne. Shi a ganinsa a cika ƙarfen yankan zaren da giris, ɓurɓushin ya manne a jiki, a yi aikin a kan mota a gama. Ya gwada a bayan idon ubansa, ya yi ta dacewa, har ranar da ɓurɓushi ya zame ya faɗa cikin inji ya karce shi. Ina tsaye a wurin. Tsohon da ba ya ɗaga murya ya dube shi a gaban mai mota da ’yan kallo ya ce, “Ban haifi mai wannan hannun ba.”

Bahago ya wanke hannunsa da fetur, ya goge, ya fita. Ya bi wani direban babbar mota. Bayan ’yan watanni labari ya zo cewa motar ta faɗa kogi daga kan gada. An tsamo direban, Bahago kuwa ba a gan shi ba. Uwarsa ta yi kukanta ta haƙura. Uban ya ƙi yarda a yi masa gaisuwa, wai wa ya ga gawa?

Tun daga nan ya tsiri wata ɗabi’a da ta ishe mu. Duk motar da ta shigo garejin, ko birki aka kawo ta gyara, sai ya lallaɓa ya zare wayoyin fulogi yana leƙa ramuka. Mun sha yin faɗa a kan haka.

“Baba, fitila aka kawo, me ya haɗa ka da fulogi?”

“Dubawa kawai nake yi.”

Na daɗe kafin na gane abin da yake nema. Bugunsa yana kwantawa ta dama, na ɗansa ta hagu. Shekara fiye da goma yana leƙen nan. Wani lokaci nakan ji shi ta bayan kwano yana cewa, “Ƙara giris, bai isa ba,” alhali shi kaɗai ne a rumfar. Ranar da na fara jin haka na bar aiki na tafi gida.

Wata rana da tsakar rana wani direban bas mai dogon zango ya shigo da mota tana fat-fat. Rami ɗaya ya cinye. Tsohon ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba, sai na ji ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba.

“Rewaya, zo ka ara mini idonka.”

Na haska tocila. Ramin da ke kusa da wanda ya lalace yana da zobe, zoben kuma yana da bugu, a kwance ta hagu. Na ce a raina wataƙila tsohon aiki ne, tun kafin kogi.

Tsohon ya juya ga direban. “Ɗana, wa ya yi maka wannan?”

“Wani makanike ne a can nesa, bakin wata tasha. Bara ne.”

“Bara?”

“Bara mana. Bahago ne, yana ɗan ɗingishi. Bai ma sauke kan injin ba, giris ya lafta ya yi abinsa, har yau ko gezau.”

Tsohon ya dafa motar. Na turo masa benci, ya ƙi zama.

“Lafiyarsa ƙalau? Ba ya rame?”

“Ƙato ne, Baba, har da furfura. Ni ma aikin ya burge ni, na ce masa wa ya koya maka. Ya ce ubansa ne, amma ya rasu tuntuni.”

Direban ya faɗe ta ne kamar yadda ake faɗin labarin hanya, bai san inda ta sauka ba. Ni na ji haushinsa, na ji haushin Bahago, na rasa wanda zan zaga. Tsohon kuwa ya gyaɗa kai kawai, ya ce, “Allah ya jiƙansa.” Direban ya ce amin.

Ya sauke kan injin, ya yi aikin a hankali fiye da kullum. Na riƙe masa tebur ya yanka zaren. Da ya zo bugu ya daɗe yana saita tsinken, sannan ya buga nasa ta dama, dab da na ɗansa. Da la’asar aka tayar da mota, ta ɗauka lafiya lau.

Direban ya shiga zai ja, tsohon ya riƙe ƙofar.

“Kana bi ta tashar nan har yanzu?”

“Jefi-jefi.”

“In ka bi, ka tsaya ya duba maka aikin da na yi. Kada ka ce masa ga wanda ya yi. Ka ce dai ya leƙa.”

Bas ɗin bai sake biyowa ta layinmu ba. Tsohon ya juya bencinsa ya fuskanci titi, kuma yanzu duk garejin shi ke fara buɗe rumfa.