Dubiyar da Na Kai wa Mai Lafiya a Jamus

Duk wanda ya san ni a Unguwar Shanu ya san ban taɓa rasa abin faɗa ba. Ko wurin zaman makoki sai an zungure ni nake kama bakina. Shi ya sa da aka gayyace ni wani gidan marubuta a ƙasar Jamus, aka ce in zauna wata guda in rubuta gajeren labari ɗaya tak, a fassara shi a karanta ranar bankwana, sai na kwashe da dariya a majalisarmu. Na ce, "Labari ɗaya? Ai wannan raini ne. Kafin jirgi ya sauka na gama, sauran kwanakin in koya musu cin tuwo."

Kaduna zuwa Abuja

Ana idar da sallar asuba ƙanena Bala ya fito da tsohuwar motarsa. Maiɗakina Hajiya Rabi ta riga ta cika min jaka da dakuwa da ƙuliƙuli da yaji, kai ka ce shago zan buɗe. Muka yi sallama, muka ratsa ta Kinkinau muka nufi tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. A wani shinge ɗan sanda ya tsayar da mu.

"Alhaji, sai ina da sassafe haka?"

Na gyara zaman hula na ce, "Jamus."

Ya dubi motar Bala da ke ta aman hayaƙi, ya ce, "A wannan? To, Allah ya kai ku."

Jirgin ƙasa ya sauke ni Abuja da hantsi, na sama kuma ya ɗaga da mu bayan magariba. Na fito da kwamfuta don in cika alkawari, sai ga abinci. Na ci, na ce bari in ɗan kishingiɗa. Idona bai buɗe ba sai da tayoyi suka taɓa ƙasar Jamus. Ko bisimilla ban rubuta ba.

Daga filin jirgi zuwa ƙauye

Jami'in kwastan ya buɗe robar yajina ya kai hanci. Atishawar da ya yi, na tabbata har Hayin Banki a Kaduna an ji ta. Ya rufe, ya miƙo min, yana share hawaye yana nuna min hanya. A tasha na sayi shayi kofi ɗaya, da na lissafa kuɗinsa da naira saura kaɗan in haɗiye har da kofin.

Jirgin ƙasa ya yi ta gudu da ni arewa har la'asar. Wata dattijuwa mai suna Helga, wadda ke kula da gidan, ta tarbe ni da rigar sanyi a hannu. Allah ya saka mata, don babbar rigata iska take sha ta kowace kafa. Gidan tsohon gidan gona ne, mu marubuta huɗu, kowa da ɗakinsa. Ta ce, "Malam Ɗanjuma, kai ne marubucin Hausa na farko da muka sauka. In abin ya yi armashi, za mu riƙa gayyato wasu." Sannan ta ɗaga yatsa: "Dokarmu ɗaya ce. Ba a ƙwanƙwasa wa marubuci ƙofa."

Gidan marubuta

Jama'a, na ga shiru. Babu mai kiran "a sayi ruwa", babu janareta, babu yara, ko akuya babu. Har motsin hanjina nake ji. Nan na gano abin da ban taɓa lura da shi ba: ni ban iya rubutu daga kaina zuwa takarda ba. Sai na ba da labari a majalisa tukuna, na ga inda aka yi dariya da inda aka fara hamma, sannan in shiga gida in rubuta. To a nan wa zan ba? Bango?

Mako biyu suka shuɗe. Mai fassara, wata baiwar Allah da ta karanci Hausa har ta fi ni iya karin magana, ta bugo waya. "Malam Ɗanjuma, ina labari?" Na ce, "Sai alheri." Ta ce, "Na ji. Wanda zan fassara fa?" Na ce yana kan wuta. Ƙarya nake, ko murhu ban haɗa ba. Ba kunyar kaina ce ta fi damuna ba, tunanin 'yan'uwa marubuta da zan rufe wa ƙofa shi ya hana ni sakat.

Ana cikin haka na lura da maƙwabcina Tomas, wani dogo ɗan ƙasar Ajantina. Kwana da kwanaki ban ga ƙeyarsa ba. Takalmansa na bakin ƙofa inda ya tuɓe su, burodinsa a kicin ya bushe ya zama dutse. A unguwarmu in hantsi ya yi maƙwabci bai buɗe ƙofa ba, an fara cigiya. Na je na yi sallama a hankali. Shiru. Na ƙara da ƙarfi. Shiru. Na haɗa masa ruwan zafi da citta da ɗan yaji a kofi, na ruga wurin Helga.

"Madam, ɗauko makulli. Mutumin nan ko dai ya cika ko yana hanya."

"Aiki yake yi."

"Wane irin aiki ne ba ci ba sha? Ni da kunnena na ji nishi."

Gaskiya ban ji ba, amma a raina na ji. Fuskarta ta canza, ta ɗauko makulli. Muna tura ƙofa sai ga Tomas daga shi sai gajeren wando, ya toshe kunnuwa da abin jin waƙa, yana buga kwamfuta yana kaɗa kai, gwangwanayen kifi jibge a gefe. Ya juyo ya ga ƙato tsaye a kansa riƙe da kofi, ya kurma ihu. Ni ma na kurma. Kofi ya tafi ƙasa.

Kallon da Helga ta yi min, da ana ɗinka shi da ya yi likkafani. Na koma ɗaki ina lissafin abin da zan faɗa a majalisa in an koro ni.

Bayan azahar na ji ana ƙwanƙwasa ƙofata. Tomas ne, ya karya doka shi ma.

"Da gaske ka zaci na mutu?"

"Har na fara tunanin yadda za a sanar da danginka."

Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce ya daɗe a gidan da yake haya a garinsu, amma ko sunan na kusa da shi bai sani ba. Sai ya tambayi aikina. Na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "To ba ni labarin mana. Tunda ka tashe ni daga mutuwa, ina da lokaci."

Muka zauna a kicin, na zube dakuwa a faranti. Da guntun Turancina da hannuwa da ƙafafu na ba shi labarin wani direba da ya kai kayan ɗakin amarya gidan da ba shi ba, saboda biki biyu ake yi a layi ɗaya, mata suka karɓe da guɗa, har aka kafa gado aka jera kwanuka kafin masu kaya su farga. Tomas ya yi ta tambaya: me ya sa uban amarya ke sayen gado? Wa ke jerawa? Duk amsar da na ba shi sai na ga ta zama shafi. Wata marubuciyar waƙa 'yar Indiya da muke gidan tare ta jiyo dariya ta fito, ta ce ai su ma can haka ake fama da kayan amarya, ta kawo nata. Washegari Helga da kanta ta jera kujeru, ta tambaye ni me muke kiran wannan zama. Na ce majalisa. Daga ranar, kullum bayan abincin rana sai mun yi ta, kowa ya baje abin da yake rubutawa. Tomas ne ya sa na yanke doguwar shimfiɗar da na yi wa labarin. Na ji zafi kamar an cire min haƙori, amma ya yi gaskiya.

Na tura wa mai fassara a kan kari. Ranar bankwana mutanen ƙauyen suka cika zaure. Ina karantawa da Hausa, mai fassara tana bi da Jamusanci, dariyarsu na zuwa a makare kamar tsawa bayan walƙiya, amma tana zuwa. Helga ta riƙe hannuna ta ce baɗi ma suna son Bahaushe.

Gida

Na sauka Rigasa da yamma, Bala da hayaƙinsa suna jira. Alhamdu lillahi da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Helga da ta yi haƙuri da ni, da mai fassara, da Tomas wanda na kai wa dubiya ya warkar da ni. Allah ya bar zumunci.

Da na ci tuwo na natsu, sai na ce bari Hajiya ma ta ji abin da ya girgiza Turai. Na karanta mata tun daga farko har ƙarshe, na ajiye ina jiran yabo. Ta ci gaba da ninke kayan da na dawo da su, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Baban Ummi, ai wannan ni na ba ka shi bara da na dawo daga biki. Kuma ka ɓata ƙarshen."