Sarkin Toka da Cikin Agwagwa

Ranar da Sufeto ya kawo babban littafinsa wurin taro, bai rataya madubinsa a wuya ba. Ba wanda ya lura. Mutane uku ne ke jiransa, dukkansu masu taƙama da kaifin ido, waɗanda za su iya kwashe yamma guda suna gardama a kan ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba, amma babu ko ɗaya da ya ga cewa madubin ƙara girman nan mai baƙar igiya, wanda ya fi shekara goma yana lilo a ƙirjin Sufeto, yau ya yi zamansa a gida.

Sufeto ya yi aikinsa ne a ofishin awo da sikeli har ya yi ritaya. Shi ne mutumin da ke shiga kasuwa da 'yar jaka, masu nama su fara gumi tun kafin ya yi sallama. Da fansho ya raba shi da sikelin mutane, sai ya koma kan ƙananan jiragen sama na roba, irin waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali, mutum ya zauna da gam da hantsaki da burushi ya harhaɗa su, ya yi musu fenti. Wasu sun ɗauki abin wasa. Sufeto bai taɓa ɗaukar komai wasa ba. Ɗakin baƙi na gidansa ya daɗe da daina karɓar baƙi. Kwalaye sun hau kan gado, sun cika ƙarƙashinsa, sun tokare rufi, kuma mafi yawansu ko ledarsu ba a yage ba. Matarsa takan ce ko da zai yi tsawon ran kunkuru ba zai gama haɗa su ba. Shi kuma yakan ce mace ba ta san tanadi ba.

Ƙungiyar tasu kan haɗu sau ɗaya a wata a ɗakin jira na wani likitan haƙori, bayan an sallami marasa lafiya. Akwai Likita mai masauki, mutum mai fara'a da son a yabi kayansa. Akwai Dogo, malamin lissafi. Akwai Akawu, wanda ke aiki a banki, ba ya cika magana sai ya ga inda rinjaye ya karkata. Sukan ture mujallun da ke kan tebur, a ƙarƙashin hoton wani ƙaton haƙori mai rami, sai Likita ya tafa hannu ya ce, "To, jama'a, me aka samo?" Daga nan kowa ya fito da abin da ya saya a watan: sabon kwali, ko kwalbar fenti, ko littafi. Ba a cika tambayar me aka haɗa ba. Wannan tambaya ce ta rashin kunya.

A wannan tebur, maganar Sufeto ita ce yanka. Sunan da ake kiransa da shi a bayan ido kuwa, Sarkin Toka, ya samo asali ne daga wani tsohon jirgin ɗaukar wasiƙu mai farfela biyu da faffaɗan ciki, wanda suka laƙaba wa suna Agwagwa. Kowannensu ya haɗa nasa. Matsalar ita ce duk hotunan jirgin da aka sani baƙi da fari ne. Sufeto ya ɗora madubinsa a kansu, ya yi nazari, ya auna duhun ciki da duhun taya, ya yanke hukunci: cikin Agwagwa ruwan toka ne. Ba ma kowace toka ba, wata ce da shi kaɗai ya san haɗinta, ɗigo kaza na fari, ɗigo kaza na baƙi.

A lokacin akwai mutum na biyar a ƙungiyar, ƙanin matar Sufeto, wanda duk dangi ke kira Auta ko da yake furfura ta fara fito masa. Auta ya zo da tasa Agwagwar da ciki shuɗi-shuɗi, kamar sararin sama da hantsi. Da aka tambaye shi dalili, ya sosa ƙeya ya ce shi dai haka ya ga ya dace. Sufeto ya ɗaga jirgin da yatsu biyu kamar wanda ya tsinci mushen ɓera.

"Auta, wannan jirgi ne ko bahon wankan jariri?"

Aka fashe da dariya. Dogo har da dukan cinya. Sufeto ya ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Dogo, wanda cikin tasa Agwagwar ya ɗan yi haske, ya koma gida ya kankare ya sake. Akawu ma haka. Auta ya zo taro na gaba, na bayansa bai zo ba. Daga baya aka ji ya rabar wa 'ya'yan maƙwabta kwalayensa ya koma kiwon kifi a baho. Har yau in sun haɗu da Sufeto a sabgar dangi, gaisuwa ce mai tsawo da ladabi, babu komai a cikinta.

Littafin kuwa, Sufeto ya yi watanni yana shelarsa. Tarihin Agwagwa ne kacokan, daga wata maɗaba'a ta ƙasar waje, mai kauri kamar bulo, cike da hotunan da aka tono daga akwatin wani tsohon matuƙi. Duk taro sai ya ce, "Yana hanya. In ya iso, duk mai sauran shakka zai huta."

Ya iso ana saura kwana kaɗan taro. Sufeto ya wanke hannu da sabulu, ya shimfiɗa tawul a kan teburin aikinsa, ya yanka ledar da reza a hankali. Ya sunsuni takardar. Ya fara buɗawa shafi-shafi yana gyaɗa kai, kamar malami mai duba aikin ɗalibin da ya yi ƙoƙari. Sai can wajen tsakiya ya ci karo da hoto mai launi, shi kaɗai a duk littafin, ya cinye shafi guda. Agwagwa ce tsaye a kan ciyawa, wani makanike a tsugune ƙarƙashinta. Cikinta shuɗi. Shuɗi-shuɗi, kamar sararin sama da hantsi.

Ya ɗora madubi. Madubi ya ƙara wa shuɗin girma.

Ya kai littafin bakin taga. Ya kunna fitila, ya kashe. Ya nemi inda zai kama hoton da ƙarya, irin yadda ya saba kama sikeli. Amma ciyawa kore ce yadda ciyawa take. Taya baƙa ce. Akwai ma wata motar mai a gefe, ruwan toka sak, an ajiye ta kamar da gangan don kada a yi musu. Mutum ne da ya san awo. Ya san hoton bai yi ƙarya ba.

Sai idonsa ya sauka kan kwalbar gam. Hannunsa ya ƙware. Ɗigo huɗu a kusurwoyi, a danne da wani abu mai nauyi, shafi biyu su zama ɗaya, sai dai a ce takardar na da kauri. Ya buɗe murfin ke nan matarsa ta turo ƙofa da gwiwar hannu, tana riƙe da wankakkun kaya.

"Baban yara, ina zan sa waɗannan? Durowar ma jiragenka sun... Kai! Wannan ba kalar da Auta ya shafa ba ce?"

"Hasken rana ne."

"Hasken rana shuɗi ne yanzu?"

"Ke me kika sani a kan hoto?"

"Ni ban san hoto ba, amma na san shuɗi. Da shi nake wanke maka fararen riguna." Ta matso, ta leƙa, ta dubi kwalbar gam da ke hannunsa, ta dubi fuskarsa. Ta ajiye kayan a kan wani kwali. "Bahon wankan jariri, ko? Yaron nan sati guda bai ci abincin kirki ba."

"Yaro? Mutum da jikoki?"

"A wurina yaro ne. Ka liƙe abinka, Sufeto. Allah ya ba da sa'a. Ni dai idona ba ya liƙuwa."

Ta fita. Ya daɗe riƙe da kwalbar har gam ya fara daskarewa a bakinta. Bai liƙe ba. Ba wai tsoron Allah ne ya kama shi a daidai lokacin ba. Ya tuna ne cewa Dogo malamin lissafi ne, kuma lambar shafi ba ta tsalle.

Haka ya isa ɗakin jiran Likita da littafi a hammata, wuya babu madubi, kamar mai zuwa cire haƙori. Ya shirya jawabi a hanya, ya rushe, ya sake shiryawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Dogo da Akawu, da ya sa suka kankare fentinsu da hannunsu.

"To, jama'a, me aka samo?"

Likita ya fara da kansa, kamar kullum. Ya fito da wani ƙaton kwali na jirgi mai inji huɗu, ya ce gunduwa ɗari bakwai ne a ciki. Aka girgiza kwalin kusa da kunne, aka saurari ƙarar, aka ce lallai akwai kaya. Dogo ya tambaye shi ina irinsa da ya saya bara.

"Wancan na ajiya ne. Wannan na haɗawa."

"Yaushe?"

"Kai ka haɗa naka na bara waccan? Bar ni da Allah, malam."

Dogo ya nuna wasu mitsi-mitsin kujerun matuƙa na ƙarfe, waɗanda in an rufe jirgi ba mai sake ganinsu har abada. Akawu ya nuna burushi mai gashi uku. Aka yaba. Sannan duk suka juyo.

"Ranka ya daɗe, saura amarya."

Sufeto ya ajiye littafin. Likita ya ɗaga shi da hannu biyu ya auna nauyinsa ya ce wannan in ya faɗo wa mutum a ƙafa sai asibiti. Dogo ya duba shafin ƙarshe ya sanar da yawan shafuka. Akawu ya shafa bangon, ya sunsuna, ya lumshe ido. Aka yi maganar kyan takarda, da ɗinkin, da zaren alama. Ba wanda ya karanta ko layi ɗaya.

Sai Likita ya sa babban yatsa ya saki shafukan firrr, littafin kuma, da yake ya sha buɗewa a wuri ɗaya, ya je ya kwanta daidai nan.

Ana jin ƙarar firjin da Likita ke ajiye magunguna. Kawuna uku suka sunkuya a kan shuɗin. Sufeto ya kai hannu ƙirjinsa, bai sami abin kamawa ba. Ya buɗe baki.

"Kai!" in ji Likita. "Kai, kai, kai. Ku dubi yadda suka ɓata toka!"

Dogo ya gyara tabarau. "Ɗab'in zamani ke nan. Inji ne ke zuba kala yadda ya ga dama."

"Littafi mai tsada haka," in ji Likita, "a rasa mai duba musu aiki? Da sun san da Sufeto a duniya da ba su yi wannan abin kunya ba."

Akawu ya daɗe yana kallon motar man da ke gefen hoton. Ya dubi Dogo, ya dubi Likita. Ya tuna da Agwagwarsa da ke cikin kabad na gilashi a falo, wadda yake nuna wa duk wanda ya shigo.

"Tsohon hoto ne," ya ce. "Yakan juya."

"Yakan juya mana!" Dogo ya kama da sauri. "Toka in ta tsufa ai shuɗi take komawa. Sanannen abu ne. Ko ba haka ba, ranka ya daɗe?"

An ce gani ya kori ji. A ɗakin nan, ji ne ya kori gani, ya bi shi da gudu har bakin titi. Idanu shida na kallon Sufeto, suna roƙonsa kada ya sa su sake ɗaukar abin kankare fenti. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana hana a tauye mudu ya gyara zama.

"Haka ne," ya ce. "Yakan juya."

"Ka rubuta musu, wallahi," in ji Likita. "Ka wanke su tas."

"Zan duba."

Aka rufe littafin, aka kawo shayi. Likita ya ba da labarin wani da ya cije shi a yatsa. Dogo ya ce ina ma Auta na nan ya ga ashe akwai 'yan uwansa a ƙasar waje, aka yi dariya. Sufeto ma ya yi, ko da yake tasa ta riga ta kowa ƙarewa.

A hanyar gida ya sauka daga mota tun kafin unguwarsu, ya ratsa ta layin masu kayan gini zuwa kantin da yake sayen fenti. Ya yi ta duba abubuwan da ba ya bukata har sauran masu saye suka watse. Sannan ya nuna wata 'yar kwalba a can ƙarshen kanta.

Mai kanti ya ɗaga gira. "Shuɗi, Sufeto? Kai da ban taɓa sayar maka da komai ba sai fari da baƙi?"

"Na keken jikana ne."

"Keke da wannan 'yar kwalbar?"

"Ƙaramin keke ne."

Ya sa ta a aljihun ciki. Da ya iso ƙofar gida ya tarar an bar kwandon shara a waje, iska ta kifar da shi. Ya jingina littafin da bango, ya tsuguna ya tattara sharar da hannu, ya ɗauki kwandon ya shiga da shi, ya bar littafin jingine a waje.