Hoton da Aka Ɗauke Mu Ba Sallama

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan a kan tabarma, ga wata nan tafe gare ku. Ba tatsuniya ba ce, da idona na gan ta, kuma a tsakar gidan nan namu na Soron Ɗinki aka yi ta, gindin dalbejiyar da kuke shanya a jikinta.

Ina da ƙawa. Katanga ɗaya ce ta raba gidan iyayenta da namu, tare muka koyi ɗinkin hula, tare allura ta huda mana yatsu. Aka aurar da mu cikin unguwa ɗaya, muka haifa, muka aurar, muka yi takaba, muka fita. Duk tsawon wannan zama ba mu taɓa tsayawa gaban mai hoto tare ba. Ni hotona ɗaya ne a duniya, na fasfon aikin Hajji, wanda na fito a ciki kamar an kama ni da kazar mutane. Nata ya fi nawa muni.

Sai wata shekara ɗanta da ke aiki a Abuja ya zo ya ce gwiwoyin tsohuwarsa sun gaji, ba zai bar ta ita kaɗai ba, da an yi ƙaramar Sallah zai zo ya tafi da ita. Ta shigo ta gaya mini tana dogara sanda. Ba mu yi kuka ba, mun girmi wannan. Cewa kawai ta yi, in ta tafi, da me za ta riƙa tuna munin fuskata? Na ce to a yi mana hoto. Ba na waya ba, wanda rana ɗaya wayar za ta faɗa kwata ta tafi da mutum. Na takarda, a wanke shi, a sa masa gilashi, kowa ta riƙe nata.

An kuwa yi dace. Jikata, takwarata, 'yar ɗana na fari, ta gama koyon ɗaukar hoto wajen wani ogan masu hoto a bayan gari. Niyyarta ta riƙa shiga bukukuwan mata, can cikin gidaje inda namiji ba ya wuce zaure. Ta kwashi adashinta, saura ta sayi kyamara. Ta ce mini, “Hajiya, ke da ƙawarki za ku buɗe mini kasuwa, ku ne hoton farko.” Na sa mata albarka. Da ta tafi kasuwa a ranar ta sayo abinta, da labarin ya ƙare nan. Amma yarinya mai tarbiyya ce, sai ta ce bari ta yi shawara da ubanta da baffanta.

Ashe kyamarorin iri biyu ne. Yadda na fahimta, ɗaya akwai ɗan madubi a cikinta, in aka danna sai madubin ya yi tsalle ya koma, ka ji ƙaras. Ɗayar kuwa an cire mata madubin, an sa mata wata 'yar talabijin a gurbinsa. Wannan duk shi ne bambancin da ya hana gidana barci daga watan Rajab har azumi.

Ubanta, ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, atamfa yake sayarwa, kuma tun da na haife shi ban taɓa ganin ya ɗauki hoton ko akuya ba. Shi ya tsaya a kan mai madubi. Ya ce nauyi shi ne mutunci. Ya ce mai hoto in ya shigo biki da ƙaton abu rataye a wuya, wuyan har ya karkace, nan da nan ake ba shi hanya a kawo masa shinkafa da cinyar kaza. In kuwa ya shigo da ɗan abu kamar gwangwanin kifi, za a ce masa ya koma layin 'yan kallo. Ya ce batirinta yana wuni ya kwana, kuma a garin da wuta take zuwa in ta ga dama, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ya ce abin da aka cire wa wani abu a ciki, ai ragi aka yi masa, don me kuma za a ce ya fi?

Baffanta kuwa, autana, malamin makaranta ne, duk iliminsa na kyamara daga bidiyon Turawa ya samo shi a waya. Shi ya ce duniya ta wuce wurin. Ya ce masu ƙerawar ma sun juya wa mai madubi baya, Yaya ne kaɗai ya rage yana gadinta. Ya ce marar madubi ba ta da nauyi, ba za ta karya wa yarinya wuya ba, tana gani cikin ɗaki mai duhu, kuma tana nuna maka hoton tun kafin ka danna. Ya ce har ƙwayar idon mutum take kamawa, duk inda ya juya tana biye da shi. Da na ji wannan na ce a'uzubillahi, a zamaninmu mai yin haka suna gare ta, kuma ba a ba ta jariri ta riƙe.

Kullum bayan la'asar sai su shimfiɗa tabarma a zaure su ɗora daga inda suka tsaya. Maƙwabta suka shigo ciki. Wani mai gyaran rediyo daga Jakara ya bi bayan babban, wani marini daga Ƙofar Mata ya bi bayan ƙaramin, shi da hannayensa shuɗaye yana kwatanta yadda haske yake shiga. A cikinsu duka babu wanda ya taɓa riƙe ɗayar, babu kuma wanda ya ce ga gudummawarsa. Ita mai kuɗin tana cikin gida tana yi musu shayi. In ta leƙa ta ce tana da magana, sai su ce ta bari manya su gama.

Azumi ya kama. Na ce yunwa za ta raba su. Ina, sai suka mayar da zaman bayan shan ruwa, da ƙarfin kunu da ƙosai. Ita kuwa ƙawata ta fara rabon kayanta. Ta aiko mini da turminta, ta ba wata tukunyarta, ɗakinta kullum sai ƙara faɗi yake. Duk ranar da ta shigo sai ta tambaye ni, ina mai hoton? In ce ana shawara. Ta ce da haka aka yi shawarar aurenta, da har yau tana gidan ubanta.

Ni dai ba na tsayawa in yi wa ɗan fari magana ido da ido, haka muka tashi muka tarar. Ranar da abin ya ishe ni, na jira ya shigo gaishe ni da safe, ya durƙusa daga bakin ƙofa, sai na juya na fuskanci randa.

“Ke randa,” na ce, “ki gaya wa masu zaman zaure, an fara duban watan Sallah. In baiwar Allahn nan ta bar garin nan ba a yi mana hoto ba, to su nemi wanda zai riƙa amsa musu gaisuwa.”

Randa ta isar da saƙo. A ranar aka yarda yarinya ta je wurin oganta, wanda yake da irin biyun duka, ta aro su, a gwada a kanmu. Wadda ta fi kyau ita za a saya. Kowannensu ya yarda, don kowa ya tabbata shi zai ci.

Aka yi Sallah. Ana gobe motar Abuja za ta zo, muka shirya. Mun kwana da lalle, muka sa kwalli, muka fito da atamfofin ƙasan adaka masu ƙamshin turaren wuta. Aka ajiye mana kujeru biyu a gindin dalbejiya. Ku yaran yanzu ba ku san ladabin hoto ba. Mace mai mutunci in za a ɗauke ta, zama take ta miƙe baya, ta ɗora hannaye a gwiwa don lalle ya fito, ta rufe baki, ta haɗe fuska kamar tana gaban alƙali. Ba a dariya, ba a nuna haƙori. Haka za ta daskare har ta ji ƙarar, sannan ta yi numfashi. Hoto abu ne da jikokin jikoki za su gani, ba wurin wasa ba ne.

Aka fara da mai madubi, don babba shi ne gaba. Yarinya ta ɗaga ta da hannu biyu, ubanta na tsaye a bayanta yana ba da umarni. Ƙaras. Aka duba, ni na fito yadda ake so, ƙawata kuwa idonta a rufe. Aka sake. Ƙaras. A rufe. Ashe tun daga na farko ta tsorata da ƙarar, da ta ga yatsan yarinya ya motsa sai ta runtse tun kafin a danna. Aka yi ta yi, aka ce ta kalli bishiya, aka ce ta yi salati a zuci, duk a banza. Uban yarinya ya ce wannan ba laifin madubi ba ne, laifin idon Inna ne. Ta ce masa idon nan ya riga shi zuwa duniya, kuma da shi ta gan shi ba wando.

Sai aka ɗauko marar madubi. Muka sake gyara zama, muka haɗe fuska, muka jira ƙara. Shiru. Yarinya ta manna ta a ido, ta matsa nan, ta durƙusa can. Shiru. Wuyana ya sage, ƙuda ya sauka a hancina ban kore shi ba. Uban ya ce ga irinta nan, tun ba a je ko'ina ba batir ya mutu. Autan ya fara kawo masa bayanin Turawa, suka juya mana baya suka kama musu, suka manta da mu.

Ƙawata ta karkato ba tare da ta motsa leɓe sosai ba ta ce, “Wannan ta mutu. Ba ni goro kafin su yi mata jana'iza.”

Na kwance bakin mayafi na ɓare goro, ta miƙo hannu ta ɗauke ɓarin da ya fi girma. Na ce mata ɓarauniya, halin da ta taso da shi ke nan tun muna tallan hula. Ta ce gara ɓarauniya da wadda rago ya kora ta faɗa kududdufi da kwalliyar Sallah. Abin da ya fi shekara sittin, na ɗauka kowa ya manta. Dariya ta kama ni, ta kama ta, ta dafa kafaɗata don kada ta faɗo daga kujera, ɗankwalina ya zame furfura ta fito, ita kuma haƙorinta guda da ya rage yana waje, ja wur da goro.

Sai muka ji yarinya ta ce, “Hajiya, na gama.”

Gama me? Ta juyo mana da bayan abin. Ashe tun zamanmu take ɗauka. Ga mu a daskare, ga ƙuda a hancina, ga hannu cikin goro, ga bakuna a wangale. Ba ƙara, ba tari, ba gyaran murya.

Na gyara ɗankwalina, na sa aka kira mazan suka tsaya, na fuskanci randa na yanke hukunci. Na ce duk wanda zai shiga gidan mutane sallama yake yi, ko da kuwa sallamar tasa ta firgita masu gida. Mai shigowa sumumu ya kwashi abin da ya ga dama ya fita, kowa ya san sunansa. Na ce mai madubi 'yar mutunci ce, ita za a saya, kuma hotonta za a wanke mini. Babban ya gyara hula, ya dubi ƙaninsa kamar an naɗa shi sarauta.

Saura ƙawata, ita da za ta tafi da nata. Aka nuna mata na mutuncin, ta daɗe tana kallo, ta ce wannan ai gawa ce aka jingina a jikina. Aka nuna mata ɗayan. Ta kai shi dab da ido, ta ce, “Wannan ce ke. Waccan mai haɗe ran ban san ta ba.” Na ce za ta kai abin kunyarmu Abuja. Ta ce ai can ba wanda ya san mu.

Yarinya ta hau adaidaita, kafin magariba ta dawo da su a cikin gilashi. Kowaccenmu ta wanko mata duka biyun, ba ta tambayi kowa ba, wannan karon ta yi hankali. Na rataye na mutunci a bango, ɗayan na tura shi ƙasan adaka. Washegari mota ta zo. Ƙawata ta shiga da nata a ƙirji, ba ta waiwayo ba, ni ma na koma ɗaki.

To ga yadda kowa ya ƙare. Takwarata ta je ta sayo marar madubi, duk da hukuncina. Amma bikin farko da ta je mata suka ƙi yarda an ɗauke su tunda ba su ji komai ba, sai ta gano akwai inda ake dannawa abin ya riƙa yin ƙarar ƙarya. Ta kunna masa, ta ɗaura masa wani ƙaton bakin gilashi a gaba kamar turmi. Yanzu sai an yi layi ake samunta, kuma da cinyar kaza ake tarbarta. Ubanta yana gaya wa mutane maganarsa ce ta fito, tunda sai da aka koma ga nauyi da ƙara. Autana yana cewa tasa ce ta fito, tunda babu madubi. Sun bar maganar, yanzu suna zaure a kan sola da janareta, gidan kuwa har yau da fitilar caji muke kwana. Marinin da mai gyaran rediyo sun sake raba layi.

Ƙawata damina biyu ta yi a can, Allah ya karɓi abarsa. Ɗanta ya ce hoton yana gefen gadonta har ranar. Bayan sadakar bakwai na ɗaga kai na dubi na bangona, na gan ta zaune ido a rufe, na kasa jure kallonsa. Na sauke shi, na buɗe adaka na fito da ɗayan. Shi ne wancan da kuke gani, mai haƙori guda. Ni kuwa ina nan a kan bakana, abar nan ba ta da ladabi, kuma in takwarata ta shigo da ita sai na ce ta kunna mata ƙarar tukuna.