Sale Ya Turo Min Hoto Yau

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau!

Kun san Sale, abokina na ƙauyen Taba, wanda muka binne shekaranjiya. Tun da ya sayi waya yake turo min hotuna in duba masa. Na ƙarshe na rijiyar gonarsa ne. Na ce, "Ya yi kyau, amma ka yanke kan mangwaron. Ja baya kaɗan, ka bar rana a bayanka."

Ɗazu ina shan shayi a tashar Ikara, saƙo ya shigo. Sale! Ga rijiya, ga mangwaro cikakke, har da inuwarsa riƙe da waya. A ƙasa ya rubuta: "Yanzu fa?"

Innalillahi! Kofi ya suɓuce min.

Na kira lambar, ƙaninsa Habu ya ɗauka. Ya ce, "Yaya, na kawo wayar garin Hunkuyi ne a buɗe mana, sai sabis ya kama. A kulle take, ba wanda ya san lambobin buɗe ta."

Na rubuta, "Ya yi daidai, Sale."

Wallahi nan take wayata ta nuna an karanta!